Gubar Dalma da Dokokin Kayan Ƙarfe: Tarihin Gargaɗin da Aka Daɗe Ba a Ji Ba



Gabatarwa

Duk wanda ya saba sayen kayan ƙarfe na ƙasashen waje, kamar kan famfo, ko kwaɗo da makullinsa, ko kayan aikin kanikanci, mai yiwuwa ne ya taɓa ganin wata 'yar takarda manne a jikin kwalin, da alama mai kusurwa uku launin rawaya, da ƙananan rubutu na Turanci. Abin da rubutun yake cewa shi ne, mai amfani da wannan kaya yana iya cuɗanya da dalma, wadda Jihar Kalifoniya ta Amurka ta tabbatar tana jawo ciwon daji da lahani ga haihuwa. Galibinmu yage kwalin muke yi mu yar. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi sawun wannan 'yar takarda, mu ga daga ina ta fito, da irin rayukan da suka salwanta kafin a rubuta ta, sa'an nan mu auna ko ta wadatar.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a warware wani ruɗani na suna. A kasuwa idan aka ce tukunyar dalma, ana nufin tukunyar da aka zuba da sanholo, watau alminiyan. Dalmar da muke magana a kanta daban ce. Ita ce ƙarfen nan mai nauyi mai taushi wanda masunta ke ɗaura wa taru domin ya nutse, wanda ke cikin batirin mota, wanda kuma ake yin harsashi da shi. Nan gaba za mu ga cewa wannan ruɗani na suna bai rasa ƙamshin gaskiya ba.

Halin Dalma da Aikinta a Jiki

Dalma ƙarfe ce mai sauƙin kai. Tana narkewa a zafin digiri 327, wanda wutar itace ma tana kaiwa, ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, tana lanƙwasuwa yadda ake so, ga ta da araha. Waɗannan halaye su suka sa maƙera da magina suka ƙaunace ta shekaru dubbai. Amma jikin ɗan Adam ba shi da wata buƙata gare ta ko kaɗan. Idan ta shiga ta baki ko ta numfashi, sai jiki ya ɗauke ta tamkar sinadarin kalsiyam da yake gina ƙashi da shi, ya kai ta cikin ƙasusuwa da haƙora ya ajiye, ta zauna can shekaru da dama. Tana hana jiki ƙera jini yadda ya kamata, tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ɗaga hawan jini. Ga babban mutum, alamunta na fili su ne murɗar ciki mai tsanani, da taurin bayan gida, da mutuwar wuyan hannu.

Yaro ƙarami ya fi kowa shan wahalarta. Cikinsa yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar fiye da na babba, kome ya samu kuma baki yake kai wa, ga ƙwaƙwalwarsa tana cikin ginuwa. Idan yana fama da yunwa ko ƙarancin jini, tsotsewar takan ƙaru. Mace mai ciki kuwa, dalmar da ta taru a ƙashinta tun tana yarinya tana iya fitowa ta bi jini ta kai ga ɗan tayi. Idan gubar ta yi yawa, sai a ga farfaɗiya da suma da mutuwa. Idan kaɗan ce, ba a ganin kome, sai dai yaro ya tashi da raunin fahimta wanda ba ya gyaruwa, a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi.

Abin da Mutanen Dā Suka Sani

Ana samun ma'adinin dalma haɗe da azurfa, saboda haka duk daular da ta nemi azurfa sai ta tara dalma tuli. Rumawa sun yi bututun ruwa da ita, har ma kalmar fulamba da muka aro daga Turanci asalinta sunan dalma ne da Latinanci. Sukan kuma dafa ruwan inabi a tukwanen dalma har ya yi kauri, su zuba a abinci da giya domin zaƙi. Yawan narkar da ita a wancan zamani ya kai har masu bincike sun sami ƙurarta a cikin tsohuwar ƙanƙarar tsibirin Girinlan.

Ba a cikin duhu suka yi wannan ba. Tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), wani masani Bagirke mai suna Nikanda ya bayyana murɗar ciki da shanyewar jiki da farar dalma ke jawowa. Bitrubiyus, masanin gini na zamanin Sarki Agustas, ya rubuta cewa ruwan da ya bi ta bututun yumɓu ya fi lafiya bisa wanda ya bi ta na dalma, ya kuma kafa hujja da yadda jikin masu aikin dalma yake koɗewa. Wasu marubuta na ƙarni na 20 sun yi da'awar cewa gubar dalma ce ta rushe daular Rum. Masana tarihi da yawa ba su yarda da wannan ba, domin rushewar daula ba ta da sanadi guda. Darasin da ya dame mu a nan shi ne, an san illar, an rubuta ta, amma aka ci gaba da shimfiɗa bututun.

Dokokin Farko

Wajen ƙarshen ƙarni na 17, wani likita a birnin Ulm na ƙasar Jamus, Eberhard Gockel, ya lura cewa a gidajen ibada da yake dubawa, masu shan wata giya su ne ke kamuwa da murɗar ciki, waɗanda ba su sha kuwa lafiyarsu lau. Da ya bincika sai ya gane 'yan kasuwa suna zuba garin dalma a cikin giyar da ta yi tsami domin su ɓoye tsamin. A 1696 mai mulkin Wurtambag ya hana wannan algus, ya kuma sa hukuncin kisa a kansa. A 1723 majalisar Masacusets, lokacin tana ƙarƙashin Ingila, ta hana tace barasa ta cikin murfi ko bututun dalma. Wannan tana cikin dokoki na farko da suka dubi kayan aikin kansa, watau ƙarfen da abin sha yake taɓawa.

A 1767 likita George Baker ya nuna cewa murɗar cikin da ta addabi mutanen Debon a Ingila kowace kaka, daga dalmar da ake liƙe duwatsun niƙa da matsar tuffa take fitowa. Mutanen yankin ba su gode masa ba. Sun ga ya ɓata sunan hajarsu, aka yi ta rubuce-rubucen ƙaryata shi. Wannan hali za mu sake cin karo da shi sau da yawa a wannan tarihi. Benjamin Franklin, wanda ya yi aikin ɗab'i da haruffan dalma yana saurayi, ya rubuta wa wani abokinsa wasiƙa a 1786, inda ya nuna takaicinsa cewa an fi shekara 60 da sanin wannan illa, amma gaskiya mai amfani takan daɗe a sane kafin jama'a su yi aiki da ita.

Dokar da ta fi kusa da batunmu ita ce wadda daular Jamus ta kafa a 1887 game da kayan da ke ɗauke da dalma da tutiya. Ta ce kada a yi kwanon ci, ko na sha, ko tukunya, da gamin ƙarfen da dalmarsa ta wuce kashi 10 cikin 100. Shafen da ake yi wa cikin tukunya kuwa kada dalmarsa ta wuce kashi 1 cikin 100. Game da kwanon da aka yi wa shafe mai ƙyalli, sai ta kawo gwaji: a tafasa ruwan tsami mai ƙarfin kashi 4 cikin 100 a cikinsa na rabin sa'a, idan dalma ta fito, kayan ya haramta. Ina roƙon ma'aikatan gwamnati su lura da hikimar da ke nan. Dokar ta faɗi adadi, ta kuma faɗi yadda za a auna. Har yanzu gwajin ruwan tsami shi ne tushen yadda ake gwada kwanuka a ƙasashe da yawa, domin tsami da zafi da daɗewa su ne ke fitar da dalma daga jikin mazubi.

Masana'antu, Fenti da Fetur

A ƙarni na 19 masana'antu suka yawaita, majinyata ma haka. A 1839 likita Tanquerel des Planches ya wallafa bayani a kan majinyata fiye da 1,000 da ya duba a wani asibitin Faris, yawancinsu masu fenti da masu aikin farar dalma. A 1898 Ingila ta naɗa Thomas Legge likita na farko mai duba masana'antu. Daga abin da ya gani ya fitar da ƙa'idar da har yau ba ta tsufa ba: muddin mai masana'anta bai yi duk abin da ya wajaba a kansa ba, lebura ba shi da wata dabara ta kare kansa. Ya kuma ce wajibi ne a gaya wa ma'aikaci haɗarin abin da yake taɓawa, kada a bar shi ya gano da ransa. A Amurka, Alice Hamilton ta yi irin wannan aiki daga 1910, tana bin masana'antun Jihar Ilinoi da gidajen leburori ɗaya bayan ɗaya.

Batun yara daga Ostireliya ya fito. A 1904 likita Lockhart Gibson na birnin Birisben ya gano cewa fentin da ake shafa wa dogaran baranda yana zama gari saboda zafin rana, yara su taɓa su kai hannu baki. Faransa da Beljiyam da Ostiriya suka hana fentin farar dalma a cikin ɗaki a 1909, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kai a 1921. Ingila ta ƙi tabbatar da yarjejeniyar, abin da ya sa Legge ya ajiye aikinsa a 1926. Amurka kuwa ba ta hana fentin dalma a gidaje ba sai 1978, shekara 74 bayan binciken Gibson.

Mafi girman ɓarna ta fetur ce. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa wani haɗin dalma yana hana injin mota ƙwanƙwasa, aka fara sayar da shi a 1923 da sunan Ethyl, sunan da babu kalmar dalma a cikinsa. A watan Oktoba na 1924, a wata matatar mai da ke Jihar Niyu Jasi, ma'aikata suka haukace, 5 suka mutu. Aka dakatar da sayarwa na ɗan lokaci, sa'an nan aka ci gaba, aka riƙa manna allo a jikin famfon mai cewa wannan fetur yana da dalma, na mota ne kawai. To, ina amfanin allon ga yaron da ke shaƙar hayaƙin a bakin titi? Shekaru kusan 40 binciken da ake dogara da shi a kan wannan batu yana hannun likitocin da masana'antar ke ɗaukar nauyinsu, matsayinsu kuwa shi ne, sai wanda ke zargi ya kawo hujjar cutarwa.

Wanda ya karya wannan matsayi ba likita ba ne. Clair Patterson masanin duwatsu ne, yana auna dalma domin ya gano shekarun duniya, sai ya ga duk abin da ya taɓa a ɗakin gwaji ya gurɓata da ita. A 1965 ya bayyana cewa dalmar da ke jikin mutanen zamani ta ninka ta mutanen dā sau da yawa ƙwarai. A 1979 Herbert Needleman ya tara haƙoran da yaran makaranta suka famɓare a kusa da Boston, ya nuna cewa waɗanda haƙoransu suka fi dalma sun fi rauni a gwajin basira, alhali ba wanda ya taɓa cewa ba su da lafiya. Dukansu biyu sun sha suka da tsangwama. Amurka ta gama hana fetur mai dalma a motoci a 1996, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka kammala a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021.

Ga wani lissafi da ya taƙaita labarin. Ana auna dalmar jini da maikurogiram, watau kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin kashi ɗaya bisa goma na lita. A shekarun 1960 hukumomin lafiya na Amurka ba su damuwa da yaro sai ya kai 60. Aka sauko 30 a 1975, 25 a 1985, 10 a 1991, 5 a 2012, sa'an nan 3.5 a 2021. Dalma ba ta sake hali ba a tsakanin waɗannan shekaru, awo ne ya ƙara kyau. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Famfo, Gwangwani da Makulli

Da aka rage manyan kafofi, sai hankali ya koma kan ƙananan kayan gida. Gwangwanin abinci da dalma ake liƙe gefensa. Masana'antun Amurka sun daina a 1991, hukuma ta hana a 1995. Tagulla kuwa, watau gamin jan ƙarfe da tutiya, da gangan ake zuba mata dalma kashi 2 ko 3 cikin 100 domin ta yi sauƙin yankawa a inji. Da ita ake yin kan famfo, da mahaɗin bututu, da makulli. Ruwan da ya kwana a cikin irin wannan famfo yakan jiƙo dalma, tafasawa kuma ba ta fitar da ita.

A 1986 majalisar Amurka ta ce kayan ruwan sha su zama marasa dalma. Amma da aka zo fassara, sai aka ce bututu ko mahaɗin da dalmarsa ba ta wuce kashi 8 cikin 100 ba, shi ne marar dalma. Shekaru 28 ana sayar da kaya da wannan suna, sai a 2014 sabuwar doka ta fara aiki wadda ta mai da adadin kashi 0.25 cikin 100 a inda ruwa ke taɓawa. Ɗalibanmu na shari'a da na mulki su riƙe wannan: a dokar kariya, sashen fassarar kalmomi ya fi take muhimmanci. A wannan shekara ta 2014 ne kuma birnin Filint ya sauya wurin da yake ɗibar ruwa, ba a zuba maganin hana cin bututu ba, ruwan ya ci tsofaffin bututun dalma ya kai gubar gidajen talakawa. Mazauna suka yi ta kuka ba a saurare su ba, sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jini a 2015.

Yanzu mu komo ga 'yar takardarmu. A watan Nuwamba na 1986 masu jefa ƙuri'a a Kalifoniya suka amince da dokar da aka fi sani da Shawara ta 65. Dokar ba ta hana sayar da kome ba. Abin da ta ce shi ne, kamfanin da ke da ma'aikata 10 ko fiye, idan kayansa zai sa mutum ya cuɗanya da wani sinadari da ke cikin jerin masu jawo ciwon daji ko lahanin haihuwa, dole ya yi gargaɗi a fili. An sa dalma a jerin a 1987, aka ƙayyade rabin maikurogiram a yini a matsayin iyakar da ba ta buƙatar gargaɗi. Sabon abu a dokar shi ne ta juya nauyin hujja: kamfani ne zai nuna kayansa bai kai iyakar ba, kuma kowane ɗan ƙasa yana iya kai ƙara. Tarar tana iya kai dala 2,500 a kowace rana.

Dokar ta yi amfani, amma ta wata hanyar da ba a zata ba. Kamfanoni da yawa sun gwammace su sake gamin ƙarfensu da su manna wa kayansu kalmar ciwon daji. Alal misali, bayan ƙarar da jihar ta kai masu yin makulli a 1999, sun yarda a 2001 su rage dalmar zuwa kashi 1.5 cikin 100. Ta wani gefen kuma, tsoron ƙara ya sa ana manna gargaɗin a kan kome, ko an gwada ko ba a gwada ba, har mutane suka daina karantawa. Domin haka daga 2018 aka wajabta ambaton sunan sinadarin da sa alamar nan mai kusurwa uku. Tarayyar Turai ta bi hanyar ƙayyadewa: daga 2006 ta hana dalmar da ta wuce kashi 0.1 cikin 100 a kayan lantarki, ko da yake ta yi wa tagulla rangwame har kashi 4. Kayan yara ma sai da aka yi rashi: a 2006 wani yaro ɗan shekara 4 ya mutu a Jihar Minesota bayan ya haɗiye wani ɗan ƙarfen ado wanda kusan dukansa dalma ce, a 2008 aka kafa dokar da ta tsananta iyaka a kayan yara.

Mu Dawo Gida

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, watau MSF, ta tarar da yara suna mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Dutsen zinariyar da ake haƙowa cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu ƙauyuka an ɓoye mace-macen da farko, don tsoron kada a hana haƙar da ake ci da ita. Abin da ya kawo sauƙi shi ne kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa, da ba yara maganin fitar da gubar, da fitar da niƙan dutse bayan gari da taimakon sarakuna da masu unguwanni. Duk da haka a 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. A wata unguwa ta bayan birnin Dakar ma, yara 18 sun rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura.

Waɗannan su ne masu ƙara. Akwai marasa ƙara, su ne kuwa suka fi yawa. Tukunyar dalma da muka ambata, daga tarkacen ƙarfe ake zuba ta: sassan inji, da lagireto, da gwangwani, da duk abin da ya narke. Idan akwai dalma ta gaske a cikin tarkacen, cikin tukunyar za ta shiga. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan tukwanen Kamaru ya nuna da yawansu suna sakin dalma idan aka tafasa abu mai tsami a ciki. A 2023 ƙungiyar Pure Earth ta gwada kayan kasuwa a ƙasashe 25, har da Nijeriya da Gana, ta sami kusan rabin kwanuka da tukwanen ƙarfe sun wuce ma'aunin da ta yi amfani da shi. Sai mu tuna da kunun tsamiya, da zoɓo, da miyar tumatir, da yadda ake barin abinci ya kwana a tukunya. Wani binciken na 2021 a kan rijiyoyin burtsatse da famfunan karkara a Gana da Mali da Nijar ya sami kusan kashi 9 cikin 100 na ruwan da aka gwada ya wuce iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, watau maikurogiram 10 a lita, kuma sassan tagulla ne babban tushe. Har ila yau, a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya da ya kamu ta hanyar kwallin da ake sa masa, wanda aka auna aka sami dalma fiye da kashi 80 cikin 100. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2020 cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya yana da dalma a jini da ta kai maikurogiram 5 ko fiye.

Hukumomi muna da su. An kafa hukumar ƙayyade ingancin kaya a 1971, da NAFDAC a 1993, da NESREA a 2007. Amma dokokin da muka zayyana an tsara su ne domin babban kamfani mai adireshi da lauya. Maƙerin da ke zuba tukunya a bayan kasuwa ba shi da ɗakin gwaji, bai kuma san abin da ke cikin tarkacensa ba, shi da yaransa ne ma farkon masu shaƙar hayaƙin. Uwar gidan da ta sayi tukunyar ba za ta ga takarda ba, in ma ta gani da Turanci take.

Kammalawa

Daga wannan tarihi ana iya ganin matakai uku da hukumomi suka bi: gargaɗi, da ƙayyade adadi, da hani. Gargaɗi shi ne mafi rauni, domin yana ɗora nauyi a kan mai saye, wanda ba ya iya ganin dalma ko ya ɗanɗana ta. Inda dalmar jinin yara ta faɗi sosai, cire ta aka yi daga tushe, kamar yadda aka yi wa fetur da gwangwani. An kuma ga cewa ilimi bai taɓa zama doka da kansa ba. Sai an sami mai aunawa, mai naci, wanda zai jure fushin masu ciniki.

Saboda haka ina da roƙo. Ma'aikacin da ke rubuta takardar kwangilar rijiya ko famfon makaranta, ya sa sharaɗin adadin dalma a cikin sassan tagulla, ya nemi shaidar gwaji kafin ya sa hannu a biya. Hukumomin ƙananan sana'o'i su zauna da ƙungiyoyin maƙera a koya musu ware batir da lagireto da abin liƙi daga tarkacen tukunya, domin korarsu daga kasuwa ɓoye sana'ar kawai zai yi, kamar yadda Zamfara ta nuna. Asibitocin koyarwa su mallaki na'urar auna dalmar jini. Gargaɗi kuma a yi shi da Hausa, a boko da ajami, a rediyo da masallaci da wurin awon ciki: a zubar da ruwan farko na famfo da safe, kada a bar abu mai tsami ya kwana a tukunyar zubi, a raba jariri da kwallin da ba a san asalinsa ba, mai aikin batir ko haƙar ma'adini ya sake tufafi ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa.

Ku kuma ɗalibai, musamman na kimiyya da likitanci, kasuwannin Kano da Zariya da Maraɗi cike suke da kayan da ke jiran mai aunawa. Gockel da Gibson ba su da kayan aikin da ke ɗakunan gwajinku, lura da haƙuri suka yi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a batun dalma kuwa abin ya wuce haka, domin basirar da ta tafi babu maganin da ke komo da ita.